Yadda ake raba gaɓoɓin kalmomin sana'a a Italiyanci da gane inda ake danna murya

Na sha ganin mai koyo ya haddace sunayen kayan aiki tsaf, amma da ya buɗe baki sai ɗan Italiya ya tsaya yana kallonsa. Kusan kullum wurin danna murya ne ya kuskure.

Fara da yanka kalmar gaɓa-gaɓa. Baƙi biyu iri ɗaya ana raba su: mac-chi-na, bul-lo-ne, cac-cia-vi-te. Bahaushe ba shi da uzuri a nan, shadda ce irin ta "hannu" da "kulle". In ka sassauta ta, cassa, wato akwati, sai ta koma casa, gida. Harafin s in baƙi ya biyo shi gaba yake bi: co-stru-zio-ne. Su kuwa l, m, n, r in baƙi ya biyo su a baya suke tsayawa: val-vo-la, pom-pa.

Sai ka ƙirgo gaɓoɓin daga ƙarshe. Yawancin kalmomi a ta biyun ƙarshe ake danna su: mar-TEL-lo, guduma, sal-da-TU-ra, walda. In ta ƙarshe ce, rubutu zai sa alama, kamar velocità.

Inda ni ma na sha wuya shi ne kalmomin da suke kira sdrucciole. A gaɓa ta uku daga ƙarshe ake danna su, rubutu kuma ba ya nuna komai. Sunayen kayan aiki sun cika da su: MAC-chi-na, VAL-vo-la, FAB-bri-ca, TRA-pa-no, injin huda. Kalmomin awo masu ƙarewa da -metro nan suke: ter-MO-me-tro, cen-TI-me-tro. Bakinmu ya saba jan wasalin tsakiya ko na ƙarshe, sai ka ji ana "valVOOla". Ka buga gaɓar da ƙarfi, sauran biyun su zubo da sauri. Kuskuren har ma'ana yake juyawa: AN-co-ra ƙarfen tsayar da jirgin ruwa ne, an-CO-ra kuwa "har yanzu".

Kada ka rubuta sabuwar kalma a littafinka ba tare da alama a kan wasalin da ake dannawa ba, da jan biro. Ƙamus ɗin Treccani kyauta ne a intanet kuma yana sa alamar, don haka ban ga dalilin sayen ƙaramin ƙamus na aljihu ba.

Sauran masu sauƙi ne: ce da ci kamar namu suke, ch kuwa k ce, sannan gn ba a raba ta, le-gno, katako.