Kafin ku fasa silin tsohon gida a Ingila

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya sayi gidan da aka gina kafin shekarar 2000, don Allah kada ya ɗauki guduma ko injin huda bango sai an duba ko akwai asbestos, wato wani ma'adini mai zare-zare da a da ake sawa a kayan gini. Sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a ƙasar nan, shi ya sa har yau ana samunsa a silin, tayil, rufin gareji da naɗin bututun ruwan zafi.

Muddin bai lalace ba kuma ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Ƙurarsa ce abin tsoro: ido ba ya ganinta, sai ta maƙale a huhu, ciwon daji ya bayyana bayan shekara 20 ko 30. Takunkumin da muka sa lokacin korona ba ya tare ta.

Ku kira mai gwaji ya ɗebi samfuri. Idan naɗin bututu ne ko allo mai marmashewa, doka ta ce ba mai cire shi sai kamfani mai lasisin HSE, wato hukumar kula da lafiya da kare haɗari a wuraren aiki, kuma ya sanar da hukuma kwana 14 kafin ya fara. Ku ga lasisin da idonku, ku karɓi takardar inda aka kai sharar. Wanda ya ce zai cire muku gobe-goben nan da araha, ku sallame shi.