Kurakuran da aka fi yi wajen fasa dutse don haƙo mai da gas

Da an ambaci fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin ruwa, sai hankalin mutane ya tafi can ƙasa inda ake tsaga shi. Alhali tsagar kan kai zurfin kilomita biyu ko fiye, nesa da ruwan da jama'a ke sha. Ɓarnar ta fi aukuwa kusa da sama, kuma yawancinta sakaci ne. Rahoton hukumar kare muhalli ta Amurka na 2016 ma cikin wuraren da ya lissafa akwai: zubewar sinadarai, rijiyar da simintinta bai yi kyau ba, da yadda ake zubar da ruwan da ya dawo.

A fara da siminti. Rijiyar gas bututun ƙarfe ce a cikin wani bututun, an cike tsakaninsu da bangon ramin da siminti. In aka bar kafa ko da siririya ce kamar zare, gas zai bi ta ya hau har ya faɗa cikin ruwan sha. Haka aka gani a garin Dimock na jihar Fensilbaniya ta Amurka wajen 2009, inda iskar mithen, wato gas ɗin da ake haƙowa, ta shiga rijiyoyin gidaje. Gaggawa ce ke jawo wannan, domin kullum injin haƙa yana tsaye kuɗi yake ci. To, a bar siminti ya kama sosai, a matsa wa rijiyar ruwa a ga ko tana yoyo, sannan a zura na'urar da ke auna kamun siminti da sauti. Jami'in hukuma kuma ya tsaya a wurin ya gani da idonsa, kada ya zauna ofis yana jiran takarda. Haka nan a nemo tsofaffin rijiyoyin da aka yasar a kewaye a toshe su, don su ma hanya ce.

Wani kuskuren mai arhar gyara shi ne fara aiki ba a gwada ruwan maƙwabta ba. Ranar da ruwa ya canza ɗanɗano, mai gida zai ce kamfani ne, kamfani ya ce dama can akwai gas a ciki, kuma a wasu wuraren gaskiyarsa ce. Wa zai raba gardama? A 2012 Fensilbaniya ta yi dabara: rijiyar ruwan da ke cikin tazarar ƙafa 2,500 daga rijiyar gas in ta gurɓace cikin watanni 12 bayan aikin, kamfani ne da laifi har sai ya kawo hujja. Ka ga ke nan shi zai fi kowa son a yi gwajin tun farko.

Ruwan da ke dawowa daga rijiya kuwa shi ne babban ciwon kai. Ya ninka ruwan teku gishiri, wani har da sinadarin radiyom mai fitar da tiriri mai cutarwa. Matatar ruwan gari ba ta iya tace shi, ramin da ba a shimfiɗa wa leda ba kuma tsotse shi yake yi. Sai aka koma ɗura shi can ƙarƙashin ƙasa, nan ma aka wuce gona da iri. Jihar Oklahoma, wadda kafin 2009 ba ta wuce girgizar ƙasa ɗaya ko biyu masu ƙarfin maki 3 ko fiye a shekara, ta ga sama da 800 a 2015, sannan mai maki 5.8 ta afka wa garin Pawnee a 2016. Da yawa sun ɗora laifin a kan fasa dutsen, amma ɗurin ruwan ne ummul haba'isin, shi ya sa da hukuma ta rage yawansa girgizar ta lafa. Ba wai fasa dutsen ba ya girgiza ƙasa ba ne: Ingila ta sa dokar tsayar da aiki da zarar an ji maki 0.5, kuma bayan ta 2.9 a yankin Lankasha a 2019 ta dakatar da harkar ɗungurungum. Abin yi shi ne a binciki tsagogin ƙasa tun kafin haƙa, a kafa na'urorin ji, ruwan kuma a sake amfani da shi a rijiya ta gaba.

Ma'aikata su aka fi mantawa da su. Yashin da ake turawa cikin tsaga yana tayar da ƙurar silika mai lalata huhu, kuma takunkumin hanci kaɗai ba ya isa, sai an rufe injinan jigilar yashin an sa masu zuƙe ƙura. Akwai kuma mai hawa kan tanki shi kaɗai ya buɗe murfi don auna mai, iskar da ta taru ta buge shi ya faɗi. An rasa rayuka ta haka. A auna daga ƙasa, in kuwa hawan ya zama dole, a tafi mutum biyu da na'urar gano gas.

Ta fuskar doka, dokar makamashi ta Amurka ta 2005 ta cire wannan aiki daga ƙa'idojin tarayya na ɗura ruwa a ƙasa, sai fa in an sa man dizal a cikin ruwan, aka bar wa jihohi. Kamfanoni da dama na ɓoye sunayen wasu sinadarai da sunan sirrin kasuwanci. A ganina ko an ɓoye wa abokan gasa, wajibi ne hukuma da likitan da aka kawo wa ma'aikacin da sinadari ya zubo wa su san sunansa nan take.