Aiki daga gida bayan dawowa daga waje: yadda za ka riƙe aikin, ka riƙe abokan aikin

Wanda ya yi shekaru a wani ofis a Landan, Dubai ko Kuala Lumpur, ya dawo Kano ko Zariya ko Damagaram, kamfani kuma ya yarda ya ci gaba da aikinsa daga gida, farkon zuwa daɗi yake ji. Ga dangi kusa, ga tuwo, babu kuɗin hayar da ke cinye rabin albashi. Sai an kwana biyu kewa ke sallama. Idan aka bincika, ba ginin ofis ake kewa ba. Abubuwan da ofis ke bayarwa ba tare da an roƙa ba su ne suka yanke: wutar da ba a ɗaukewa, intanet mai ƙarfi, labarin da ake tsinta a wajen haɗa shayi, da lokacin tashi wanda kowa ya sani. A gida kowannensu sai ka tanada da hannunka.

Da wuta za a fara, ko da yake zancen kewa ake yi. Mutumin da kiransa ke yankewa a tsakiyar taro, sau ɗaya za a jira shi, sau biyu a yi masa uzuri, na uku a ce a ci gaba, a sanar da shi daga baya. Nisa daga nan take somawa.

Lissafin wuta

Kada ka sayi inbata da batir kafin ka yi lissafi a takarda. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana jan kamar wat 60, rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, wat 10, fankar tsaye wat 60, ƙwan fitila wat 10. Jimla 140. A awa takwas na aiki ya kama wat-awa 1,120, wato wat 140 sau awa takwas, ita kanta inbata tana cin nata rabon, kusan kashi 15 cikin ɗari, don haka ka ɗauka 1,300 kake buƙata a wuni. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, wato 12 sau 200, amma rabi kawai ake sha, idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Ka ga guda ɗaya bai kai ba. Ko dai ka haɗa biyu, ko ka sayi na litiyom mai bolt 24 da amfiya 100, wanda ake iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa. Ya fi tsada ranar saye, amma ya fi jure zafin Afrilu da caji na kullum. Idan ka musanya fankar da ƙaramar nan mai caji, wadda ba ta wuce wat 20 ba, lissafin zai sauko sosai.

Farantin sola mai wat 400 yana tara kamar wat-awa 1,500 a rana mai kyau a Arewa, bayan an cire asara. Da ƙyar ya ishe ka, a lokacin hazo kuwa ba zai isa ba, sa biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura na kwanciya a kansu, a riƙa wankewa da ruwa da tsumma mai laushi duk mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Firji, dutsen guga da injin jan ruwa kada su hau layin ɗakin aiki. Yawancin kukan "batir ya mutu da azahar" idan aka bi sawu, wani ne ya jona dutsen guga.

Ko unguwarku tana rukunin A na masu sayen wutar lantarki, wanda tun Afrilun 2024 ake caji da tsada bisa alkawarin wutar awa 20, kada ka jingina da shi. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Rauta kuma a ba ta ɗan ƙaramin batirinta na daban, don 'yan daƙiƙun da ake ɗauka kafin a juya daga wutar NEPA zuwa janareta sun isa su kashe ta, kafin ta sake kamawa an yi minti biyu ba ka cikin taro.

Layi biyu, kamfani biyu

Kiran bidiyo bai buƙatar gudu mai yawa, megabit 3 zuwa 4 a sama da ƙasa sun wadatar. Abin da yake buƙata shi ne kada layin ya riƙa tsalle. Gwada MTN da Airtel, ko duk wanda ke kamawa a unguwarku, a daidai lokacin da kake taro, domin layin da ke gudu da asuba yakan cushe bayan isha'i. Ɗora rautar kusa da taga, a sama. Awa guda na taron bidiyo da mutane da yawa tana iya cin kusan giga ɗaya, sai ka san irin datar da za ka saya a wata. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo Najeriya a farkon 2023, tana taimakon wanda ke bayan gari, sai dai tana jan wuta daga wat 50 zuwa 100, a saka ta cikin lissafin batir, kuma ruwan sama mai ƙarfi na tsinka ta na ɗan lokaci. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni kwanaki a ƙasashe da yawa. Saboda irin wannan rana, ka ajiye lambar wayar manajanka da ta abokin aiki ɗaya a wayarka, ka kuma san yadda ake shiga taro ta kiran murya kaɗai.

Abin kunne mai waya da makirufo a jikinsa ya fi na bulutut amana. Ƙarar janareto, kukan zakara da sallamar almajiri duk suna shiga makirufon kwamfuta, na kusa da baki kuwa muryarka yake fara ɗauka.

Agogo

Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, ba ya canzawa duk shekara. Na Turai da Amurka yana canzawa, nan ake yawan makara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Landan da Kano agogonsu ɗaya ne. Sauran watannin Landan na baya da awa ɗaya: taran safiyarsu goma ce a nan, biyar ɗin tashinsu shida ce, dab da magariba. Jamus da Faransa akasin haka, daidai suke da mu a hunturu, su wuce mu da awa ɗaya a bazararsu. Amurka tana juya nata agogon a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba, saboda haka akwai 'yan makonni da lissafin ke rikicewa idan tawagarku ta haɗa mutanen Niyok da na Landan. Kada ka riƙe lokacin taro da ka, bar kalandar kwamfuta ta juya maka.

Dubai na gaba da awa uku, taransu shidan safiyarka ce, ka tashi aiki wajen uku na rana, la'asar da yammaci duk naka ne. Riyad awa biyu, kuma hutun Saudiyya Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki. Kuala Lumpur awa bakwai: ba a bin wannan agogo gaba ɗaya sai lafiya ta taɓu. Nemi a amince maka da haɗuwar awa uku ko huɗu, daga bakwai zuwa sha ɗaya na safiyarka, wato yammacinsu. Mai aiki da Niyok zai fara da biyu ko uku na rana ya kai goma ko sha ɗaya na dare, la'asar, magariba da isha'i duk cikin aiki suke faɗowa.

Toshe lokutan salla a kalandarka yadda kowa zai gani, minti 15 kowanne, Juma'a kuma awa ɗaya da rabi. Faɗa wa manaja sau ɗaya, a rubuce, tun farko. Wanda ke ɓacewa ba bayani shi ake zargi, wanda aka san lokacinsa ba a sa masa taro a ciki.

Hirar da ba ta aiki ba

A ofis rabin abin da ka sani ba a taro ka ji shi ba. Wane zai bar aiki, wane sashe aka rage wa kuɗi, me ya sa shugaba ya canza ra'ayi, duk a bakin lifta ko wajen cin abincin rana suke fitowa. Wanda ke nesa sakamako kawai yake gani a imel, shi ya sa yake ji kamar an mai da shi bare alhali ba wanda ya nufe shi da hakan.

Zaɓi mutum biyu, iyaka uku, waɗanda da ma kuka saba. Ka nemi kowanne ya ba ka minti 20 duk mako biyu, a rana da lokaci tsayayye, a sa shi a kalanda yana maimaita kansa. Idan aka bar shi a "sai mun yi waya", ba za a yi ba. Kiran ba shi da ajanda. Mu mun iya gaisuwa, Bature kuwa sau da yawa yana so a tambaye shi amma ba zai fara ba: tambayi 'yarsa da ta shiga makaranta, gyaran gidan da yake fama da shi, ƙungiyar ƙwallonsa. Daga nan labarin ofis ke biyowa da kansa. Ka guji mai da kiran wajen ƙorafi, idan kullum kukan wuta da data kake, za a fara ɗage shi.

Shiga taro minti biyar kafin lokaci, hirar da ta rage a nan take. Buɗe kamara a farkon taro da lokacin da kake magana, ka rufe a tsakiya idan data na ja. Taga ta kasance a gabanka, idan tana bayanka inuwa kawai za a gani. Taron da mutum shida ke zaune a ɗaki ɗaya kai kaɗai a allo shi ne mafi wahala, domin suna kallon juna suna katse juna, kafin muryarka ta iso an wuce wurin. Roƙi mutum ɗaya a ɗakin ya zama mai ba ka dama, ya ce wane yana da magana. Bayan taro aika layi uku: abin da aka yanke, abin da ka ɗauka, ranar da za ka kawo. Duk Juma'a ko Alhamis ka tura wa manaja taƙaitaccen abin da ka gama a makon. A ofis ana ganin ka a kan kujera, daga gida rubutun nan kaɗai ake gani, kuma shi za a tuna ranar ƙarin girma.

Zauren WhatsApp na tsofaffin abokan aiki yana da amfani, amma a yi masa iyaka. Kallon hotunan liyafar da ba ka je ba da sha biyun dare ba ya rage kewa. Gara ka riƙa saka naka: hawan salla, ruwan farko na damina, kasuwar raguna kafin layya. Suna son gani fiye da yadda kake zato. In za ka aika tsaraba, hula zanna, jakar fata ko yadin rinin Ƙofar Mata sun isa. Kilishi da dambun nama kada ka fara, Ingila, ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka duk sun hana shigo da nama daga nan, a filin jirgi za a ƙwace, wani lokaci har da tara a kan wanda ka ba saƙon.

Gida da unguwa

Duk yadda aka tsara kira, allo ba ya maye gurbin mutum. Rabin maganin kewar a unguwa yake. Matsalar ita ce a wurinmu wanda ke gida da hantsi ana ɗauka ba shi da abin yi: a aike shi, a kawo masa baƙo, a ce ya kai wance asibiti tunda yana da mota. Ga mace abin ya ninka, girki da yara da 'yan barka duk a kanta suke sauka. Zauna da mutanen gida ka faɗi awannin aikin da lamba, ka nemi babba a gidan, Hajiya ko Baba, ya zama shi ke ce wa baƙo yana wurin aiki, a dawo bayan la'asar. Daga bakinsu ba ya zama wulaƙanci. Ɗakin aiki ya kasance mai ƙofa, shagon ƙofar gida ya fi falo. Yi wanka ka sa kayan fita kafin ka zauna, idan lokaci ya cika ka kashe kwamfutar ka fito, domin mai aiki a gida ya fi fuskantar haɗarin rashin tashi fiye da rashin farawa.

Sallar jam'i tana fitar da kai sau da yawa a wuni, majalisar yamma kuma tana ba ka hirar da ofis ke bayarwa a da. Kwana ɗaya ko biyu a mako ka fita da kwamfutarka zuwa wurin aikin haɗaka, irin CoLab a Kaduna ko makamantansa a Kano da Abuja, inda za ka tarar da masu irin aikinka, waɗanda suka san abin da ake nufi da taron ƙarfe tara na dare. Kafin ka yi, duba ko dokar kamfaninku ta yarda a hau intanet ɗin waje da kwamfutarsu. Idan kewar ta kai ga rashin barci, rashin cin abinci ko ƙin ganin mutane har tsawon makonni, wannan ya wuce a ce a yi haƙuri, a ga likita.

Tun ranar da ake sa hannu a yarjejeniyar aiki daga gida, nemi a rubuta ziyarar ofis sau ɗaya ko biyu a shekara da wanda zai biya kuɗin jirgi, a daidaita ta da lokacin da tawaga ke taruwa. Ka kuma lura da takardar zamanka. Iƙamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yau da kullum tana mutuwa idan ka wuce wata shida a waje, izinin zama na dindindin a Ingila yana faɗuwa bayan shekara biyu ba ka shiga ba, katin zama na Amurka kuma yana shiga matsala idan ka kai shekara. Rubuta ranar fitarka ta ƙarshe, ka sa tunatarwa a kalanda wata biyu kafin wa'adin ya cika.