Yadda na gyara ƙaramar tocila mai rawar haske da saurin cinye caji

Tocilar aljihu ce mai ɗaukar batir 18650 (wani nau'in batirin lithium mai caji) guda ɗaya. Matsalarta biyu: haske na rawa in an girgiza ta, caji kuma ba ya kai minti 20.

Rawar hasken ba daga ƙwan take ba. Na kwance murfin gindi, sai ga tsatsa kore-kore a kan sifirin da bakin bututun jikin tocilar, aikin danshin Legas ne, balle da damina. Ta nan wuta ke bi, datti kaɗan ya isa ya katse ta. Na goge da auduga da sifirit, na kankare bakin da sanfefa mai laushi, sannan na matse zoben da ke riƙe makunni da ɗan hantsaki, domin ya yi sako-sako. Robar murfin kuwa man silikon za a shafa mata. Vaseline na kumbura wasu robobin, ruwa ya samu ƙofa.

Saurin cinye caji kuwa, batirin ne jabu. An rubuta masa 9900mAh (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), alhali 18650 na gaske da wuya ya wuce 3500mAh. A sikeli ma bai kai giram 30 ba, mai kyau kuwa yana kusan 45. Na samo mai 3000mAh a kasuwar Alaba ta Legas, da cajar da ke yanke wuta a 4.2V, wato in batir ya cika. Ka je da tocilarka, domin wani batirin kansa a shafe yake, ba ya taɓa ƙarfen ciki.

In kuɗinka kaɗan ne, fara da batir da caja. Haske lumen 300 (lumen ma'aunin ƙarfin haske ne) ya ishi tsakar gida da duba janareto in an ɗauke wuta.