Yadda ake aikin ɗiga maganin shan inna gida-gida

In an ɗauke ki aikin rigakafin shan inna karon farko, ki sani ɗigo biyun da za ki sa a bakin yaro su ne mafi sauƙin abin da ke gabanki. Wahalar tana ƙofar gida, tana kuma kan takardar da za ki cika. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka, shekara huɗu bayan yaran ƙarshe da ta kama a Borno a 2016. Sai dai akwai wani nau'inta da ke yawo har yau a wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba, shi ya sa ake ta komawa gidajen nan.

Da farko, ki yi sammako. Ki isa asibitin da ake rabon kaya kafin rana ta ɗaga, ki karɓi akwatin sanyi, ki taɓa ƙanƙarar da ke ciki ki ji ta daskare sosai. Sannan ki duba kowace kwalba. A jikin takardarta akwai da'ira, a tsakiyar da'irar akwai ɗan murabba'i. In murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya lau yake. In launinsu ya zo ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya lalata shi, ki ware kwalbar ki mai da ita. Ki sa kwalaben a cikin leda don kada ruwan ƙanƙara ya jiƙa takardar, kuma ki riƙa sake dubawa duk sanda za ki buɗe sabuwa. Kada ki ajiye akwatin a rana ko da na ɗan lokaci ne.

Kafin ku tashi, ke da mai rubutu, wato abokiyar aikinki da ke rubuta adadin yaran da aka ɗiga wa, ku zauna da wakilin mai unguwa ku duba taswirar aikin ranar: daga wane gida za a fara, a wane za a ƙare. Ku tambaye shi inda makarantar allo take, da gidan da ake suna ko biki, don can yaran suke taruwa.

Sai ƙofar gida. Mata ake ɗauka a wannan aiki saboda gidan da aka rubuta "ba shiga" mace ce kawai za ta wuce zaure. Ki yi sallama, ki jira a amsa. Ki gaisa yadda ya kamata: "Uwargida, ina kwana? Ya yara, ya aiki?" In akwai tsohuwa a tsakar gida, ki fara durƙusawa gabanta, ki ce "Inna, mun same ku lafiya?" Sau da yawa ita ce za ta ce a fito da jikokin. Kada ki tambaya ko akwai yara, don za a iya ce miki babu. Ki tambayi mata nawa ne a gidan, kowacce yaranta nawa da ba su kai shekara 5 ba, ina na goye, ina jaririn da ba a yi sunansa ba, akwai baƙi? Jariri ko na kwana ɗaya ne ana ba shi, mai barci kuma a roƙi uwar ta ɗauko shi.

Wajen ɗigawa, ki bar yaron a hannun uwarsa, ta ɗan kwantar da kansa. Ki matsa kumatunsa a hankali, ki ɗiga biyu, kada bakin maɗigin ya taɓa leɓensa ko harshensa. In ya tofar, ki sake. Daga nan ki shafa tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu, mai rubutu ta ja layinta. Ɗigo, tawada, rubutu, a jere haka, yaro bayan yaro. Da kun fito a yi alama da alli a jikin bango yadda aka koya muku.

Yanzu ga inda aikin yake. Za ki haɗu da wadda za ta ce maigidan bai bar izini ba. Kada ki matsa mata, aurenta ne a kan layi. Ki tambayi lokacin da yake dawowa, a rubuta gidan, a gaya wa mai unguwa. Za ki haɗu da magidancin da zai ce, "Kullum polio, kullum polio, zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana yara ba ku zo ba." Wannan mutumin ba jahili ba ne, gaskiya ya faɗa, kuma ki ce masa, "Malam, maganarka tana kan hanya." Sannan ki yi masa bayani: shan inna ba ta da maganin warkewa, ta kashi da ruwa maras tsabta take bi, kuma a cikin kusan yara 200 da ta shiga jikinsu ɗaya ne take shanye wa ƙafa, sauran suna yawo da ita ba wanda ya sani. Ana maimaita ɗigon ne saboda sau ɗaya ba ya isa, musamman ga yaron da ke yawan gudawa.

Masu cewa maganin yana hana haihuwa ma tsoronsu yana da tushe. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, sai a 2004 aka dawo da shi, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ba gardama ce ta sauya zukatan mutane ba, shigowar sarakuna da malamai ne, da ganin manya suna ba nasu 'ya'yan a bainar jama'a. Don haka in kin yi bayani sau ɗaya cikin ladabi aka ƙi, ki yi godiya ki fita. Da yamma a koma da dagaci ko liman.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi. Wata uwa za ta jawo ki gefe ta ce, "'Yar'uwa, ki shafa masa tawadar kawai, a bar maganin." Kada ki yarda, ko da kin gaji, ko da ana neman adadi a wurinki. Gidan da aka rubuta an ƙi, za a dawo masa. Yaron da aka shafa wa tawadar ƙarya kuwa ya ɓace wa kowa, masu bin sawu za su ga yatsansa su wuce.

Kafin ki bar kowane gida ki tambaya ko akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. In akwai, ki sanar da shugabar tawaga a ranar, domin ana son a ɗauki kashinsa sau biyu cikin kwana 14 a kai ɗakin gwaji na Maiduguri ko Ibadan.

Bayan azahar ku sake zagawa gidajen da yara suka tafi gona ko ɗebo ruwa. Da kun koma asibiti ki ƙirga kwalabe, cikakku da waɗanda aka buɗe da waɗanda suka ƙare, ki mai da su duka. A taron yamma ki karanta sunayen lungunan da aka rasa yara da dalilin kowanne, don da su za a fara gobe da safe.