Yadda mai burin zama likita zai zaɓi inda zai yi aikin sa-kai a Kano

A Najeriya aikin sa-kai ba ya cikin ma'aunin shiga karatun likita. Makin JAMB, sakamakon sakandare da tantancewar jami'a ne ke ba ka gurbi. A Amurka ne ake fara yin digiri na shekara huɗu, a rubuta MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, sannan a duba abin da mutum ya yi a asibiti. Amfanin aikin sa-kai a nan Najeriya shi ne ka gane tun da wuri ko zuciyarka za ta ɗauki jini, wari, kukan masu jinya da doguwar tsayuwa, kafin ka zuba shekara shida a kai.

Kada sunan asibiti ya ruɗe ka. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cike yake da ɗaliban likitanci da likitoci masu neman ƙwarewa, ɗan aji ɗaya kuwa a bayan layi zai tsaya, ƙeyar mutane kawai zai gani. A Asibitin Murtala za ka ga cututtuka iri-iri, amma cunkoso kan hana ma'aikaci tsayawa yi maka bayani. Ga mai farawa, asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya fi. Ranar awon ciki da ranar rigakafin yara hannu ake nema: cike kati, ɗora yaro a sikeli, tsara layi, sake yi wa uwa bayanin yadda za ta haɗa ruwan gishiri da suga. Bayan wata biyu ko uku sai ka nemi leƙa wani fanni, ƙashi a Dala, yara a Hasiya Bayero, ƙwaƙwalwa a Dawanau. Asibitin Zana, inda ake kwantar da masu cututtuka masu yaɗuwa, ba wurin ɗan koyo ba ne.

Ma'aunin zaɓi ɗaya ne: wa zai kula da kai? Idan babu likita ko nas da ya amince da sunansa cewa kana ƙarƙashinsa, bar wurin. Karɓo takarda daga makarantarka ko sashenka na jami'a ka kai wa shugaban asibitin, ka kuma riƙe kwafin amincewar. Shiga ta hannun "yayana yana aiki a can" takan ƙare ranar da aka sauya wa yayan wurin aiki.

Kafin ka fara, yi gwajin ciwon hanta nau'in B. Idan ba ka da shi, karɓi rigakafi, allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Sa takalmi rufaffe, sa takunkumi kusa da mai tari, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60. Kada ka mayar wa allura murfinta, nan ne ake yawan sokewa. In ta soke ka, wanke da ruwa da sabulu, ka sanar nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28.

Masu jinya za su kira ka "likita" da zarar sun gan ka da farar riga. Gyara musu: "Baba, ni ɗalibi ne, bari in kira nas." Ba ka yin allura, ba ka sa ruwa, ba ka rubuta magani, ko da wani ma'aikaci ya ce gwada. Shi ya sa zaman kemis ba ya cikin lissafi, hannu yake saurin sakewa a can ba tare da ilimi ba. Nemi izini kafin ka tsaya inda ake duba mutum, musamman mace. Ɗalibai mata sun fi samun shiga ɗakin haihuwa, namiji kuma in an ce fita, ya fita ba musu. Hoton mara lafiya a waya, ko labarinsa a WhatsApp, ya isa a kore ka.

Awa huɗu sau ɗaya a mako lokacin karatu ya wadatar, sai ka ƙara a lokacin hutu. Riƙe ƙaramin littafi: kwanan wata, sashe, abin da ka gani, tambayar da za ka bincika da dare, ba tare da sunan kowa ba. In za ka tafi, nemi wanda ya kula da kai ya rubuta maka takardar shaida mai ɗauke da ranakun da ka yi da aikin da aka sa ka, a buga mata hatimin asibitin.