Yadda Ake Tura wa Malami Aiki ta Intanet

1. Da ka gama rubutu, ka mayar da fayil ɗin zuwa PDF, wato nau'in fayil da tsarin shafinsa ba ya canzawa. Manhajar rubutu ta Word kan hargitsa tsarin shafi a wata na'urar.

2. Sa masa sunanka da lambar darasi. "Aikina" kawai ba suna ba ne.

3. Duba girmansa. Gmail ba ya ɗaukar fayil da ya haura megabait 25. Idan ya haura, ɗora shi a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, ka tura wa malami adireshin fayil ɗin (link), ka ba shi izinin buɗewa. A nan aka fi tuntuɓe: a tura adireshin, fayil kuwa a kulle.

4. Buɗe abin da ka tura, ka tabbatar shi ne.

5. Idan ya ƙi tafiya, ɗauki hoton saƙon matsalar, ka aika wa malami kafin wa'adi ya cika.